Gem ɗin faɗa na bi-da-bi a Switch, yana gundura ne?

Ɗan'uwa kana tambaya wai irin gem ɗin da sai ka yi naka motsin sannan maƙiya su yi nasu ba ya sa barci? Wallahi ba ya sawa, in dai ka samu mai kyau. Nemi Fire Emblem: Three Houses, na 2019 ne a Nintendo Switch. Kai malami ne a makarantar Garreg Mach, za ka zaɓi aji ɗaya cikin uku, ni dai Golden Deer na ɗauka saboda Claude, shugaban ajin, akwai barkwanci.

Faɗan kamar dara yake, ba saurin yatsa ba ne, lissafi ne, misali ka tura mai dokin nan mai fukafukai kusa da maharba to kibiya ɗaya ma tana iya kai ta ƙasa, kuma in tsarin Classic kake bugawa wanda ya faɗi ya tafi kenan, haka za ka zauna kana cizon yatsa. Tunda sabon shiga ne kai fara da tsarin Casual kawai, inda wanda ya faɗi yake dawowa bayan yaƙin, ko ka riƙa dawo da lokaci baya da Divine Pulse, amma ƙidayayye ne fa.

Ba ya cin data, kuma ko tsakiyar yaƙi aka kira sallah danna maɓallin wuta ka ajiye, ba wanda zai taɓa ka kafin ka dawo. Yawon cikin makarantar ne dai yake ɗan isata.