Ya mayar da littafina sauti, ya cire sunana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni marubuciya ce daga Funtuwa. Wata takwas na kwashe ina rubuta littafina a waya, ina sayar da shi naira 500 a WhatsApp. Kwatsam ƙanwata ta turo min wata tasha a YouTube, wani yana karanta shi har kashi na 30, kuma ko sunana bai ambata ba. Da na yi masa magana sai ya ce ai talla yake min, kuma tunda ban yi rajista ba, ba ni da ta cewa. Gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba gaskiya ba ne, kuma wannan magana ta "talla nake miki" tana ƙona min rai, don a bakin ɓarayin fasaha na fi jin ta.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta ce sai kin yi rajista ba. Daga ranar da labarin ya sauka a rubuce, a takarda ko a waya, ya zama naki tsawon rayuwarki, magadanki kuma su ci gajiyarsa shekara 70 bayan rasuwarki. Ɗaukar sa a sauti da watsa shi a intanet sai da izininki. Cire sunanki kuma wani haƙƙin ne daban ya taka. Sai dai ki sani, rubutunki doka ta kare, ba jigon labarin ba. Idan wata ta rubuta nata labarin kishiyoyi da kalamanta, ba ki da ƙara a kanta.

Kada ki sake ce masa uffan sai kin tara hujja, don da ya ji ƙamshin shari'a zai goge komai. Ki ɗauki hoton tashar da kowane kashi da yawan waɗanda suka saurara. Ki adana rubutunki na farko mai kwanan wata, da shaidar kuɗin da masu saye suka turo miki, har da saƙon da ya ce talla yake, domin da bakinsa ya amsa littafin naki ne.

Daga nan ki cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na YouTube. Kyauta ne, kuma tashar da aka yi wa gargaɗi uku cikin kwana 90 ana iya rufe ta. Idan ya ƙi ji, ki kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC. A can za ki iya yin rajistar ma, don tana ƙarfafa hujja. Neman diyya kuwa, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi.

In ya nemi sulhu, kada ki yarda da alkawarin baki. A rubuta nawa zai biya, tsawon wane lokaci, da sharaɗin ambaton sunanki a farkon kowane kashi, ku sa hannu gaban shaidu.