Takarda mai launi ga ɗalibin da karatu ke wa wuya

Salam ɗan uwa. Ka ce ƙanenka da ke jami'a nan Damagaram haruffa na rikice masa, layi na tsalle, kana tambaya ko takarda mai launi za ta yi magani. Gaskiya ba magani ba ce, sauƙi ne kawai kuma ba ga kowa ba. In disleksiya ce ke damunsa, wato matsalar haɗa harafi da sauti a ƙwaƙwalwa, launi ba ya gyara wannan, abin da yake ragewa shi ne ƙyallin farar takarda, balle da ranar garinmu.

Ku gwada haka: shafi guda, a yi fotokopi kan ruwan madara, shuɗi mai haske da rawaya mai haske, ya karanta kowanne da kansa ya zaɓa, kar ka zaɓa masa. Ban da launi mai duhu ko takarda mai sheƙi, waɗannan ƙara wahala suke. Ni a ganina ma girman rubutu ya fi launi amfani, a buga da salon rubutun kwamfuta na Arial, girma 12 zuwa 14, a buɗe tsakanin layuka.

Amma kafin komai ku je likitan ido, wani lokacin tabarau ne kawai yake buƙata. In ido lafiya lau ne sai a nemi ƙwararren gyaran magana da karatu ya auna shi, kuma ya gaya wa malamansa tun kafin jarrabawa.