Amsoshin tambayoyinku: kumburin ciki da ciwon hanta a bisashe

Wani ɗan'uwa daga Jega ya ce ragon da yake turka ya kwance da dare ya afka buhun gero, da safe ya iske cikinshi ya kumbura ta hagu, in an buga kamar ganga, mi zai yi?

Malam sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ka ga rago da akuya da saniya cikinsu ɗaki 4 ne, babban shi ne tumbi kuma ta hagu yake, shi ya sa can kumburin ka fara fitowa. Cikin tumbin nan akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido bai gani, su ke narka ciyawa, suna aiki iska na taruwa dabba na fitar da ita ta gyatsa. To in ta ci hatsi da yawa lokaci guda sai tumbi ya yi tsami, ya daina motsi, tuƙa ta tsaya, gyatsa ta tsaya, iska ta danne huhu har numfashi ya gagara, abin da ke kashe su kenan kuma wallahi baya jira.

Ka janye hatsi da dusa gaba ɗaya, busasshen haki kawai. Ka tashe shi tsaye, gabanshi ya fi bayanshi tudu, ka ɗura mai man gyaɗa kamar rabin kofin shayi a hankali ta gefen baki, kar ka ɗaga kanshi sama, in ya shiga huhu an sake sabon ciwo. Dan Allah banda kananzir, banda soka wuƙa, na sha ganin ragon da kumburin bai kashe ba amma wuƙar ta kashe. A kira malamin dabbobi yanzu yanzu, ba sai an dawo kasuwa ba.

Sai mai tambaya daga Argungu, shanunshi na kiwo fadama bayan yankan shinkafa suna ci amma suna ta ramewa, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa. Alhaji wannan ya yi kama da tsutsar hanta, ƙananan katantanwa na bakin ruwa ke rainonta, ta manne a ciyawa saniya ta haɗiye. Tsutsar tana shan jinin saniyar, duba cikin fatar ido za ka ga ya yi fari. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba, a kai kashin shanun asibitin dabbobi a gwada kafin ka sayi magani, kuma a ba da shi daidai nauyin kowace saniya.