Tambaya da Amsa: Salmon Chase, Gwamnan da Ya Zama Alƙalin Alƙalan Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce an taɓa yin wani mutum a Amurka da ya riƙe kujerar sanata da ta gwamna, daga baya ya zama babban alƙali, har ma ya soke dokar da shi kansa ya yi aiki da ita. Don Allah wane ne shi, kuma yaya abin ya faru? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutumin da kake nufi shi ne Salmon Chase, wanda aka haifa a jihar New Hampshire a shekarar 1808. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara, sai baffansa, wani babban limamin coci a jihar Ohio, ya ɗauke shi riƙo na wasu shekaru. Bayan ya karanta shari'a, ya buɗe ofishin lauya a birnin Cincinnati a 1830.

Birnin nan yana bakin kogin Ohio ne, kuma tsallaken kogin jihar Kentucky ce, inda a wancan lokaci bauta take halal a dokance, saboda haka bayin da suka gudu sukan faɗo cikinsa, iyayen gijinsu na biye da su. Chase ya riƙa tsaya wa waɗannan bayi da masu ɓoye su a gaban kotu, har abokan adawarsa suka laƙaba masa sunan babban lauyan gudaddun bayi. An kayar da shi a manyan shari'o'in, ciki har da wadda ta kai Kotun Ƙoli a 1847, amma a ganina nan ne mutuncinsa ya fi fitowa, domin a wancan zamani irin wannan aiki baƙin jini yake jawo wa lauya.

Ya wakilci Ohio a majalisar dattawa daga 1849 zuwa 1855, ya yi gwamnan jihar daga 1856 zuwa 1860, sannan ya nemi jam'iyyar Republican ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, Abraham Lincoln ya yi nasara a kansa. Lincoln ya naɗa shi ministan kuɗi a 1861, daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke.

Daga nan ne maganar da ka ji ta samo asali. Yaƙin ya cinye zinariyar da ke baitulmali, ga sojoji suna jiran albashi, sai majalisa ta yi doka a 1862 wadda ta ba gwamnati damar buga kuɗin takarda da ba a iya musanya su da zinariya, ta kuma wajabta wa masu bin bashi su karɓe su. Chase bai so tsarin ba a zuciyarsa, amma ya goyi bayansa saboda larura, kuma ma'aikatarsa ce ta buga kuɗin, har hotonsa ya fito a kan takardar dala ɗaya.

Ya ajiye aikin minista a watan Yuni na 1864, bayan tsamin dangantaka da Lincoln wanda kwaɗayin Chase na shugabancin ƙasa ya taimaka wajen haddasawa. Duk da haka, da Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya rasu, Lincoln ya ba Chase kujerar a watan Disamba. Taney ne ya yanke hukuncin 1857 da ya ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, sai ga magajinsa a watan Fabrairu na 1865 ya amince wa John Rock ya zama lauya baƙar fata na farko mai izinin tsayawa gaban wannan kotu. Chase ne kuma ya jagoranci shari'ar tsige Shugaba Andrew Johnson a 1868, wadda Johnson ya tsira daga gare ta da ƙuri'a ɗaya.

A 1870 kotun ta yanke hukunci a wata ƙara kan bashin da aka ci tun kafin dokar 1862. Chase da kansa ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce tsarin mulki bai yarda a tilasta wa wanda ya ba da rance kafin dokar ya karɓi takardar da darajarta ta faɗi ba. Wasu sun ga siyasa a cikin lamarin, tunda har lokacin bai cire rai da shugabanci ba, amma ni na fi karkata ga cewa alƙalin ya faɗi abin da ministan ya haɗiye ne a lokacin yaƙi. Hukuncin bai daɗe ba, domin Shugaba Grant ya naɗa sababbin alƙalai biyu, kuma a 1871 kotun ta juya shi da rinjayen biyar a kan huɗu, Chase yana cikin huɗun da suka ƙi. Ya ci gaba da riƙe kujerar har rasuwarsa a birnin New York a watan Mayu na 1873.