Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Katin DZ11 Ya Yi Shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne, kuma ina amfani da manhajar SIMH wajen kwaikwayon tsohuwar kwamfutar PDP-11/70, wadda na ɗora wa tsarin gudanarwa na 2.11BSD. Tashar farko tana aiki lafiya, amma da na kunna katin DZ11, mai ba da layukan haɗa ƙarin tashoshi, domin abokaina su shiga tare da ni, sai layin ya buɗe, allo ya tsaya baƙi, babu neman suna balle kalmar sirri. Shin tsarin ne bai san katin ba? Kuma direban katin DH11, wato shirin da tsarin ke sarrafa katin da shi, zai iya maye gurbin nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsalarka ta girmi SIMH nesa ba kusa ba, domin ita ce ta riƙa wahalar da masu kula da waɗannan injina tun a shekarun 1970. Tashar farko tana aiki ne saboda kamfanin DEC, wanda ya ƙera PDP-11, ya ware mata tabbataccen adireshi, 177560 a lissafin tushen takwas, da lambar katsewa 60, wato lambar da na'ura ke gabatarwa idan ta katse wa kwamfuta aiki domin a saurare ta, kuma duk tsarin da aka rubuta wa PDP-11 ya san zai same ta a can. Kati mai haɗa layuka da yawa irin DZ11 bai samu wannan gata ba. Kasancewarsa a cikin inji, na ƙarfe ne ko na kwaikwayo, ba ya nufin tsarin gudanarwa ya san da zamansa.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin a nan ne dalilin direba yake fitowa fili. DZ11 kati ne mai layuka 8 na hanyar Unibus, wadda ke haɗa katuna da kwamfuta, yana da rumbun da ke tara haruffa 64 masu shigowa, amma wajen fitarwa sai ya katse wa kwamfuta aikinta a kan kowane harafi guda. A gudun 9600, layi ɗaya yana ɗaukar haruffa kusan 960 a daƙiƙa, saboda haka idan layukan takwas suka tashi da rubutu a lokaci ɗaya, katsewar za ta haura dubu bakwai a daƙiƙa, nauyin da ba ƙarami ba ne ga injin wancan zamani. Shi kuwa DH11 mai layuka 16, direba yana nuna masa inda saƙo yake a ƙwaƙwalwa da tsawonsa, ya kwashe da kansa, ba ya kiran kwamfuta sai ya gama. Ɗaya da moɗa yake ɗibar ruwa, ɗaya da tulu. Tun da rajistocinsu da yadda ake ba su umarni sun sha bamban, direban wannan ba zai taɓa tuƙa wancan ba. Haka ma DHV11 na hanyar Q-bus, duk da kamancin suna, direbansa daban yake. Waɗanda suke tafiya da direban DZ11 su ne ƙannensa masu layuka 4, wato DZV11 da DZQ11. Masu rubuta BSD sun rage nauyin katsewar da DZ11 ke ɗora wa kwamfuta da wata gajeriyar hanya da suka rubuta da harshen inji, mai miƙa harafi na gaba cikin hanzari ba tare da bin doguwar hanyar direba ba, kuma a ganina wannan yana cikin ayyukansu da suka cancanci ɗalibi ya zauna ya karanta.

To, 2.11BSD ya san DZ11 sarai, sai dai saninsa yana da matakai. Da farko dole direban ya kasance cikin zuciyar tsarin, wato ka duba fayil ɗin saitinka a /sys/conf, ka tabbatar NDZ, wato adadin katunan DZ11, ba sifili ba ne, idan sifili ne ka gyara ka sake ginawa. Bayan haka sai fayil ɗin /etc/dtab, wanda ake karantawa yayin tashi domin sanin adireshi da lambar katsewar kowace na'ura, kuma a nan na fi zargin matsalarka take. DEC ta sanya irin waɗannan katuna a yankin adireshi mai sauyawa, inda matsayin kowane kati ya dogara da sauran katunan da ke cikin injin. DZ11 na farko yakan zauna a 160100, lambobin katsewa kuma ana rabawa daga 300 zuwa sama bisa jerin fifiko, don haka ƙara kati ɗaya a gabansa yana iya tura lambarsa zuwa 310. Ka ba SIMH umarnin show dz, ka kwatanta abin da ya nuna da abin da ke cikin /etc/dtab. Kada 17760100 da za ka gani ya ruɗe ka, adireshin nan ne dai aka rubuta da cikakken tsawonsa. Ka kuma karanta saƙonnin tashi da natsuwa, domin tsarin yana faɗin katin da ya kama da wanda ya tsallake, har da dalilin tsallakewar.

Idan katin ya kamu amma shirun bai yanke ba, saura abu biyu masu sauƙi. Ka shiga /dev ka yi amfani da MAKEDEV ka ƙirƙiri fayilolin layukan, sannan ka buɗe /etc/ttys ka kunna su, domin shirin getty ne yake rubuta neman suna, kuma ba ya tsayawa a layin da aka bari a kashe.

Akwai kuma batun alamar modem, wanda yakan ɓata wa mutane lokaci. An ƙera waɗannan katuna da tunanin wasu za su kira ta wayar tarho, saboda haka direba yana iya ƙin buɗe layi har sai ya ga alamar cewa kira ya haɗu. A injin ƙarfe akan warware wannan ta hanyar haɗa wayoyin kebul ko gaya wa direba layin na kai-tsaye ne. A SIMH kuwa ka haɗa katin da umarnin attach -am dz 4000, wanda ke kunna kwaikwayon modem ya kuma yanke layi idan mutum ya fita, sannan abokanka su shigo ta telnet, shirin shiga kwamfuta daga nesa, a kan lamba 4000, su danna maɓallin shigarwa sau ɗaya ko biyu.