Dole ne sai an yi kwas ɗin rubutun ƙirƙira a kwaleji?

Malama, kin tambaya ko sai kin karanci rubutun ƙirƙira a kwaleji kafin ki zama marubuciya. Ba dole ba ne. Edita ba ya neman takardar shaida, shafin farko na labarinki zai duba.

In kuma za ki shiga, ki fara tambaya ko ana zaman gyaran rubutu, tsarin da Jami'ar Iowa ta Amurka ta yi fice da shi tun 1936. Ana raba wa 'yan aji labarinki su yi masa filla-filla, ke kuma ki yi shiru kina sauraro. Da zafi kam, amma a irin wannan zaman na ga ana gano hirar da ba ta yi kama da maganar mutane ba. In lacca ce zalla, ki riƙe kuɗinki.