Me ya sa irin masarar da na ajiye bai yi kamar uwarsa ba?

Tambaya: Bara na sayi irin farar masara mai aure, ta fito kai ɗaya, ta yi goyo mai kyau. Na ajiye iri daga cikinta na shuka bana, sai ga wata doguwa, wata gajera, wasu goyon har da ƙwayoyi rawaya. Ko irin ne ya lalace a ajiya? Daga wani manomi a Tudun Wada, jihar Kano.

Amsa: Malam, ajiya ba ta da laifi. Haka gado yake tafiya a duk abin da ke haihuwa ta hanyar namiji da mace, masara ce, akuya ce ko mutum.

Bayanan gado suna jere ne a kan wasu zarurruka da ake kira kromosom, a cikin ƙwayoyin jiki. Masara tana da 20, akuya 60, mutum 46, kuma bibbiyu suke zama, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan za a yi ƙwan mace ko bununi, wato garin furen da ke kan kara, sai a raba adadin biyu, kowane ƙwai na masara ya ɗauki 10 kacal. A wajen rabon ne bambanci yake shigowa. Kafin su rabu, zaren uwa da na uba suna manne wa juna, su karye a wuri ɗaya, su yi musayar guntaye, sai zaren da zai tafi ya zama sabon haɗi da babu irinsa a wajen kakanni. Sannan a kowane biyun, wanda zai faɗa cikin ƙwai ba ruwansa da abin da ya faru a sauran. Wannan kaɗai yana ba masara haɗi 1,024, mutum kuwa 8,388,608. Shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa kama sak, in ba tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ba.

Masara mai aure ana samar da ita ne daga iyaye biyu da aka tace shekara da shekaru, har kowanne ya daina sauyawa. 'Ya'yansu na farko duk haɗi ɗaya suke ɗauke da shi, shi ne kyan da ka gani bara. Da suka yi barbara a gonarka sai rabon nan ya wargaza haɗin, halayen da aka danne suka bayyana, amfani ya ragu.

Ƙwayoyin rawaya kuma labarinsu daban ne. Kowane silin gemun masara yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya, kuma bununi ɗaya ne ke shigarsa, iska ce ke kawo shi. Goyo ɗaya yana iya samun ubanni da yawa. Rawaya tana rinjayar fari, don haka duba gonakin maƙwabta, da wuya ba a samu mai rawayar masara ba.

Akwai kuma kuskuren da kan auku wajen kwafar bayanan gado. Shi ne ke kawo sabon hali da babu shi a dangi, kamar sauyin harafi ɗaya a cikin bayanan gado da ya haifar da cutar sikila. Amma bai cika faruwa ba, ba shi ne damuwar gonarka ba.

Masara mai aure dai, sayi sabon iri kowace damina. In kana son wanda za ka riƙa ajiyewa, tambayi malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, irin da ba mai aure ba daga cikin jerin irin masara mai suna SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, domin a cikinsu akwai mai aure, akwai wanda ba shi ba. Ka nisanta gonar irin da wata masarar kamar mita 200, ko ka bambanta shuka da mako uku zuwa huɗu don furensu kada ya haɗu. Ka zaɓi goyo daga tsakiyar gona, daga karare masu yawa, ba biyu ko uku ba, ka sabunta irin bayan damina biyu ko uku.